Kwana a Sabon Garin Wudil da Labarin Gasar Dattawa

Duk wanda ya ce zai tafi Wudil, in dai ba ɗalibi ba ne mai neman ilmi a jami'ar kimiyya da ke can, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, ko kuwa saurayi mai burin sanya kaki a makarantar horon hafsoshin 'yan sanda, to galibi abin da jama'a za su zata shi ne saniya zai saya ko kifi. Gama garin, wanda yake kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, ya yi suna tun kaka da kakanni da kasuwarsa ta ranar Juma'a, inda Fulani da fatake da mahauta suke haɗuwa a kara daga nesa da kusa, har da masu loda shanu a manyan motoci zuwa Kurmi. Ni kuwa sada zumunci ne ya kai ni, domin akwai wani dattijo a unguwar Sabon Gari wanda ya yi abota da mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun suna samari a Fagge, malamai kuma sun karantar da mu cewa girmama aminan uba bayan rasuwarsa yana daga cikin cikar biyayya gare shi.

Na bar Kano ranar Alhamis bayan Azahar, cikin hunturu, hazo ya rufe gari har rana ta koma fara. Muka wuce Hotoro da Mariri, gine-gine suka fara ja da baya, gonaki suka bayyana da karan dawa a tsaye ba a gama kwashe shi ba, muka wuce Gano. Abin da ya fi yawa a hanyar kuwa shi ne tifofi, suna fuskantar birni ɗauke da yashi, ruwa yana tsiyaya daga ƙarƙashinsu yana zana layi a kan kwalta. Da muka hau gada sai na ga inda suke fitowa. Kogin nan, wanda ruwan Kano da na Calawa suke haɗuwa su haifar da shi kafin ya gangara Haɗeja, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 ya bar halinsa na da, na cika da damina ya ƙafe da rani, ya koma gudana da lissafin masu buɗe ƙofar dam. Amma duk da haka a wannan lokaci na shekara yakan janye ya bar tsibirai na farin yashi, samari suna nutso suna cika kwalekwale da shi, waɗansu suna shebur a gaɓa, mata da yara kuma suna rufe kowace mota da faranti na soyayyen kifi.

Na iske Baba a zaure a kan buzu, carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Baba, mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki?" Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ɗan aminina! Wallahi da ka shigo na zaci shi ne ya dawo. Tashi, tashi, zauna nan kusa da ni." Aka kawo ruwa da fura, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu, muka tambayi lafiyar waɗanda suka rage. Da ladan ya kira La'asar ya miƙa hannu bayan ƙofa don ɗaukar abin dogarawa, sai na ga sanda ce ta ƙarfe, siririya, kanta a karkace da 'yan layuka a fuskarsa, an naɗe mariƙinta da tsohuwar robar tayar keke saboda fatar asali ta cinye. Ya juya ta, kan ƙarfen ya zama mariƙi, muka nufi masallaci. Sandar golf ce, wasan da waɗansu gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu, a kanta kuwa aka yi hirar da ta cinye mana daren.

Asalin abin shi ne, tun yana yaro ɗan makarantar allo, a shekarun da Turawa suke shirin miƙa mulki, shi da abokansa sukan gudu bayan an tashi daga karatun safe su tafi filin golf na Kano, can wajen Bompai, su tsaya a bakin itatuwa suna jiran mai neman ɗan ɗaukar jaka, wato kadi. Jakar na ɗauke da sanduna har 14, domin ƙa'idar wasan ba ta yarda a wuce haka ba, kowace da aikinta: akwai ta bugun nesa, akwai ta ɗaga ƙwallo sama ta tsallake itace, akwai ta fitar da ita daga kwarin yashi, akwai ta turawa a hankali cikin rami. Ramukan 18 ne a cikakken zagaye, adadin da aka tsayar a Sant Andurus ta ƙasar Sikotlan tun 1764, faɗin kowane rami inci huɗu da kwata, ƙwallon kuwa nauyinta bai kai giram 46 ba. Wanda ya zagaye su duka da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. A ƙasashen da ruwa ya wadata, gefen rami lallausar ciyawa ce da ake askewa kullum, amma a nan, in ji Baba, a zamaninsu yashi ake tankaɗewa a kwaɓa shi da baƙin mai na mota a shimfiɗa a daddaɓe, kafin mai wasa ya tura ƙwallo kuma sai yaro ya ja buhu ya share masa sawu tsakaninta da ramin. Ya ce daga nan ya koyi sanin yashi, har da ya bar Kano ya dawo garin iyayensa ya shiga harkar lodin tifa, ba wanda yake iya sayar masa da mai laka a matsayin mai kyau, domin da ya murza a tsakanin yatsu biyu ya san abin da ke ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayaninsa shi ne sha'anin lissafi. A ƙwallon ƙafa akwai alƙali da usur yana bin 'yan wasa, a dambe ma akwai masu raba gardama, amma a wannan wasa mutum yakan kasance shi kaɗai a bayan kurmi da ƙwallonsa, ba mai ganinsa sai Allah sai yaron da ke ɗauke da jakarsa. In ya taɓa ta ta motsa ba bisa ƙa'ida ba, shi ne zai ƙara wa kansa bugun tara, a ƙarshe ya sa hannu a takarda ya shaida cewa hisabin daidai ne. Baba ya yi dariya ya ce, "Ɗana, babu wanda ya san amanar manyan garin nan irin kadi. Na ga mai babban muƙami yana tura ƙwallo da ƙafa yana duban sama, na kuma ga wanda ba ya salla ya kira tara a kan kansa alhali ni ma ban ga abin da ya faru ba." Bai ambaci sunan kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Bayan Lisha wani jikansa, ɗalibi a jami'a, ya zo da wayarsa ya jingina ta da butar shayi, maƙwabta biyu uku suka matso, har da wani malami mai karantar da Risala a unguwar. Abin da yaron ya sauko wa kakansa da shi daga intanet hoton wata gasa ce da ake yi a Amurka shekara-shekara, ta ƙwararrun da suka cika shekara 50 da haihuwa, wadda aka fi sani da Senior Players. Na ga mutane masu furfura, waɗansu da tumbi, waɗansu suna ɗingishi, suna tafiya a kan ciyawa kore shar, dubban jama'a sun yi tsit a bayan igiya suna jiran dattijo ya gama nazarin ƙasa. Wannan ta shekarar 2018 ce, wadda aka yi a jihar Ilinoi, Baba kuwa ya riga ya kalle ta har ya haddace, amma da aka nuna wani dogon mutum mai duhun fata da tabarau sai ya buga cinya ya ce, "Ga mutumina nan!"

Mutumin nasa shi ne Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, wanda kakanninsa suka fito daga Indiya, shi ne kuma ya ci gasar a wannan shekara bayan bugun raba gardama da wani Ba'amurke mai suna Jeff Maggert. Dalilin wannan sabo kuwa tarihi ne wanda galibin mutanenmu ba su sani ba. Daga 1969 aka fara yin babbar gasar Nijeriya a filin Ikoyi na Legas, lokacin da sanyi ya hana wasa a Turai, sai ƙwararrun Ingila su gangaro Afirka su zagaya Nijeriya da Kenya da Zambiya suna neman abin kai wa bakin salati. A nan Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko a 1978, shekara bakwai kafin ya ci babbar gasar Birtaniya; a nan wani Bature mai suna Peter Tupling ya zagaye ramuka 72 da bugu 255 a 1981, abin da ya zama abin labari a duniyar wasan; a nan kuma Singh, yana saurayi wanda ba wanda ya san shi, ya ci gasar a 1988, ya sake ci a 1989. Baba ya ce a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ya raka wani ɗan kasuwa da yake yi wa hidima zuwa Legas, ya ga wannan saurayi da idonsa, abin da ya riƙe game da shi kuwa shi ne, bayan kowa ya tafi shan abin sanyi shi yana nan a filin gwaji yana ta bugu har duhu ya hana ganin ƙwallo. Allah bai tozarta wannan himma ba, domin ya ci gasar Masters a 2000, a 2004 kuma ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya.

Ita kanta al'adar ware wa dattawa gasa ta girmi yawancin waɗanda ke zauren, domin an yi ta farko a Ogasta ta jihar Jojiya a 1937, amma ba ta zama sana'a mai tsari ba sai 1980, lokacin da hukumar ƙwararru ta Amurka ta lura cewa jama'a ba su gaji da kallon gwanayen da suka tashi da su ba, ko da ƙarfinsu ya ragu, ta kafa musu zagaye nasu na kansu. Senior Players ta fara a 1983; Arnold Palmer ya ci ta a 1984 da 1985, Jack Nicklaus a 1990, Bajamushe Bernhard Langer kuma ya ci ta sau uku a jere daga 2014 zuwa 2016, shi ne kuma wanda a 2023, yana da shekara 65, ya cika nasara ta 46 a zagayen dattawa, ya wuce Hale Irwin mai 45. Birtaniya ma ta kafa tata a 1987. An yi wa tsufa rangwame a cikin tsarin, gama galibin gasannin kwana uku ake yi maimakon huɗu, ba a korar waɗanda suka yi baya a tsakiyar gasa, a yawancinsu kuma an yarda mai ciwon gwiwa ya hau 'yar mota tsakanin rami da rami. Amma manyan, irin wannan da muke kallo, kwana huɗu ne cur, ramin bai ƙara faɗi ba, hisabin kuma bai canja ba. Da na faɗi haka sai malamin nan ya gyara zama ya ce, to ai wannan shi ne ma'anar rukusa a wurin malaman fiƙihu: wanda ya gaza tsayuwa ya yi salla a zaune, amma ba a rage masa raka'a.

Bai bar mas'alar a nan ba, kamar yadda malamai ba sa bari. Ya tambaya shin kuɗin da ake ba wanda ya ci daga aljihun 'yan wasan yake fitowa, gama in haka ne ya shiga babin caca. Aka ce masa kamfanoni ne suke sawa domin talla, da kuɗin masu kallo da na gidajen talabijin. Ya ce to da sauƙi, sai dai abin da ya sani a mazhabarmu shi ne, malamai sun yi nassi a kan halascin sanya lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, saboda amfaninsu ga shirin yaƙi, sauran wasanni kuwa akwai magana. Ya ƙara da cewa shi abin da ya fi damunsa shi ne mai furfura, wanda ya kamata a same shi tsakanin gida da masallaci, ya wuni yana bin ƙwallo. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, kai da likita ya ce ka riƙa tafiya saboda ciwon suga, zagaye ɗaya na wannan wasa ya fi daga nan zuwa gada ka dawo sau da yawa, ba ka zagi kowa ba, ba ka ci naman kowa ba. Mu da muke zaune a nan fa, tun Magariba mutum nawa muka ci?" Aka yi dariya, Malam ya ce zai duba littafi.

Da asuba bayan salla, sanyi yana ratsa ƙashi, Baba ya ce in biyo shi. Muka gangara gaɓar kogi da jikan nan, inda ruwa ya janye ya bar fili na yashi mai tauri, masunta suna ta warware taru. Ya zaro ƙwallo uku daga aljihun 'yar shara, duk sun koma ruwan ɗorawa saboda tsufa, ɗaya ma ta tsage. Ya tube takalmi, ya murza ƙafafunsa cikin yashi har suka zauna, ya ajiye ƙwallo, ya sarƙa ƙaramin yatsan hannun dama da manunin hagu a kan mariƙin. Mutumin da na ga yana tashi daga buzu da ƙyar, yana kiran sunan Allah a kowace gaɓa, sai ga shi ya miƙe, kafaɗa ta juya a hankali, sandar ta tafi baya ta ɗan dakata, sa'an nan ta sauko ba tare da wani yunƙuri da ido zai gani ba. Na ji ƙas, 'yar ƙurar yashi ta tashi gaban inda ƙwallon take, ita kuwa ta hau sama ta karkata kaɗan da iska ta sauka kusa da wani kwalekwale da aka kife. Ta biyu ta sauka taku kaɗan daga ta farko. Ya miƙo mini sandar, na zage ƙarfina na kai bugu, yashi ya cika mini baki, ƙwallon tana nan inda take. Ya ce, "Kai da ƙarfi kake nemanta. Ita ba ta san ƙarfi ba, sai ladabi."

Da hantsi muka shiga kara, domin ba a zuwa Wudil ranar Juma'a a koma ba a gan ta ba. Ƙura da kukan shanu da ihun masu kora sun cika wuri, ga farare bunaji, ga jajaye rahaji masu dogon ƙaho, ga bokoloji masu laɓɓa, samari majiya ƙarfi suna kokawa da igiya suna tura bijimai kan mota. Amma na lura cewa cinikin kansa ba a hannun samarin yake ba. Wani tsohon dillali, wanda ba zai iya riƙe ɗan maraƙi ba, ya zagaya sa sau ɗaya, ya taɓa tozo, ya dubi haƙori, ya faɗi kuɗi, mai saye da mai sayarwa duk suka yi shiru suna saurare. Irin kallon da ya yi wa san nan shi ne na gani daren jiya a fuskar dattawan Amurka suna tsugune suna karanta gangaren ƙasa kafin su tura ƙwallo.

A nan ne ra'ayina ya tsaya game da abin da na gani. Wasanninmu na gargajiya, dambe da kokawa da sharo, duka na jini a jika ne, ranar da gwiwa ta yi sanyi ranar aka gama da mutum. In ya yi sa'a a ba shi sarautar fage ko ya riƙa ɗaure wa yara hannu, in bai yi ba ya zauna a gefe makaɗa suna ambaton sunansa cikin waɗanda suka wuce alhali yana raye. Ƙwallon ƙafa ma haka take, ɗan shekara 35 tsoho ne. Golf kuwa, da yake rabinsa natsuwa ce da sanin ƙasa da iska, yakan bar wa mutum abin yi har bayan furfura, shaida kuwa ita ce Tom Watson, wanda a 2009, yana da shekara 59, ya yi kunnen doki da samari a babbar gasar Birtaniya a filin Tanberi, sai a bugun raba gardama Stewart Cink ya kayar da shi. Wannan fa'ida ce babba, ina kuma ganin masu kula da wasanni a jihohinmu, waɗanda duk tunaninsu a kan matasa yake, za su amfana da yin nazari a kanta. Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba: gasar dattawan nan ta waɗanda suka riga suka samu ce, ƙofarta a buɗe take ga wanda ya yi suna ya tara dukiya tun yana saurayi, wasan kansa kuma, da sandunansa da kuɗin ƙungiyarsa da faffaɗan filinsa mai shan ruwa, tun daga filin Rayfield na Jos da Turawan kuza suka kafa a 1913 har zuwa na Abuja, bai taɓa zama na talaka ba. Talakan da ya fi kowa sanin sa shi ne kadi, daga cikin kadi kuma yawancin ƙwararrun Nijeriya suka fito, amma mafi yawansu sukan tsufa ne kamar Baba, hannu yana nan da gwaninta, ba fage.

Shi dai bai yi ƙorafi ba. Da na zo sallama bayan an sauko daga Juma'a, ya sa aka ƙunsa mini busasshen kifi, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya yi wa mahaifina, sa'an nan ya riƙe hannuna ya ce, "In ka sami sarari ka bi ta filin nan, ka ce wa yaran su ba ka tsofaffin ƙwallaye, waɗanda masu gida suka yar. Nawa kogi ya cinye su, saura ukun nan."

Na bi ta can kafin in isa gida, da sauran rana. Ciyawar ta bushe saboda hunturu, inuwar darbejiya ta miƙe a kan filin, na hangi waɗansu alhazai, galibinsu sun manyanta, cikin wando da 'yar riga da hular rana, suna tafiya suna hira, kowanne da yaro a bayansa ɗauke da jaka. Na kira ɗaya daga cikin yaran da ba su sami aiki ba na gaya masa buƙatata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko wasa nake koya, na ce saƙon wani tsohon kadi ne a Wudil. Ya ruga ya dawo da ƙwallaye cike da leda, muka yi ciniki, ya rage mini da ya ji shekarun mai saƙon, ya ƙara biyu gyara. Washegari na kai ledar tasha na ba wani direban Wudil, na kwatanta masa gidan a Sabon Gari, ya ce ya san tsohon, ai shi ne mai zuwa masallaci da sandar ƙarfe.